Yadda Gidan Makaɗi Ke Rainon Ɗan Amshi a Tasawa da Mayahi

Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi wajen 1819, daga baya wani reshen gidan ya zauna a Tasawa. Masu tambari da kakaki da algaita suka bi iyayen gidansu. A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi kuwa, dama akwai masu gangar noma da ke zuga samari ranar gayya, da masu kalangun mahauta, da masu goge da garaya na 'yan bori. Babu wanda ya zauna a aji cikinsu, amma kowane gida ya san yadda ake mayar da yaro makaɗi.

Sana'ar gado ce, kuma da ɗaukar kaya ake farawa. Yaro ne ke rataye ganga zuwa gidan biki, shi ke tsince kuɗin da aka liƙa, yana tsaye bayan ubansa yana sauraro. Sai an ga kunnensa ya nuna a miƙa masa kuntuku, 'yar ƙaramar gangar da ke rakiyar kalangu, ya riƙe salo ɗaya tak tun daga farkon wasa har a tashi. A ƙungiyar mai goge kuma, ƙwarya ake kifa masa a gaba da 'yan sanduna biyu. Taken sarki ko na wani gwarzon manomi, da baki yake fara haddace shi kafin hannu ya fitar da shi a fata.

Babbar hikimar tana cikin amshi. Yaro mai kunya ba a tura shi gaban taro shi kaɗai. A tsakiyar 'yan amshi ake saka shi, inda in muryarsa ta yi rawa ta sauran za ta rufe ta. In ya kauce, uban kiɗi ya harare shi ko ya ƙara wa tasa gangar ƙarfi, yaro ya dawo hanya ba tare da masu biki sun lura ba. Haka yake sabawa da idon jama'a har tsoro ya sake shi.

Masana sun zo sun tabbatar da wannan. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa yaro ya fi koyon abin da ya ɗan fi ƙarfinsa in akwai babba a gefensa. A Japan, Shinichi Suzuki ya gina koyar da gogen Turawa bisa yadda jariri ke ɗaukar harshen uwa, wato ji kafin karatu. Jean Lave ta tarar telolin Laberiya suna fara ba almajiri guga da ɗinkin maɓalli kafin ya taɓa almakashi.

Tsarin bai rasa aibu ba. Akwai tsawa, wani lokaci har da duka, rabon kyauta yakan danne ƙarami, kuma gorin "ɗan maroƙi" ya sa yara da dama da suka shiga lakkwal, wato makarantar boko, sun ajiye gangar gidansu. Wannan asara ce ta gaske, domin tare da gangar ake rasa dabarar koyarwar.

Nijar ta buɗe cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai a 1989. Duk da haka, da Malam Maman Barka na wannan cibiya ya tashi ceto biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, a 2002, sai da ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar, ya koya da kunne da ido kamar kowane ɗan gidan makaɗi.