Asalin Kalma: Tazargade

Tazargade tsiro ne mai ɗaci da ƙamshi mai hawa kai, ɗan gida ɗaya da shuwaka, wadda mutanen kudancin Kamaru ke miyar ndole da ita. A Garwa, kamar Kano, busasshe ake sayensa a ƙulle wurin masu kayan gargajiya, a jiƙa a sha don zazzaɓi, ko a turara.

Siffar kalmar, a ganina, ta Buzaye ce. Sunayen tamata a harshensu na Tamashek da "ta" suke farawa, kuma ta wannan ƙofa takobi da takarda suka shigo Hausa. Dangin tsiron ma sun fi yawa a Sahara da arewacinta, inda ayari ke fitowa a da.

Masana kuwa Artemisiya suke ce wa wannan dangi, sunan da ake dangantawa da Artemis, gunkiyar Girkawa. Daga wani nau'insa na ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka tace maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Da Madagaska ta fito da ruwan Artemisiya da ta ce maganin korona ne a 2020, sai sunan ya cika bakin mutane, kowane ganye mai ɗaci ya zama tazargade.

Nan ne gizo ke saƙar. Suna ɗaya ne, nau'o'in suna da yawa, ƙarfinsu kuma ya bambanta. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jiƙon ganyen ba ya maye gurbin ƙwayar asibiti. In zazzaɓi ya kama yaro da damina, a fara da gwajin jini.