Azawad: tarihin arewacin Mali da batun ɓallewa

Azawad shi ne sunan da masu fafutukar ɓallewa suke kiran arewacin Mali da shi, wato yankunan Tumbuktu da Gawo da Kidal. Faɗinsa ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, amma galibinsa hamada ce, jama'arsa kuwa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. A asali sunan wani yanki ne na kiwo a arewa da Tumbuktu, daga baya siyasa ta faɗaɗa shi.

Abin da muke so ɗalibi ya fara riƙewa shi ne yankin ba na ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Buzaye da Larabawa a hamada, akwai Songai, 'yan uwan Zabarmawa, a bakin kogin Kwara, ga kuma Fulani. Kusan dukkansu Musulmi ne, kuma mazhabar Malikiyya ce ta kafu a cikinsu tun da.

Mulkin wurin ya sha sauya hannu. Tumbuktu, wadda kakanninmu ke kira Tambutu, tana ƙarƙashin daular Mali a zamanin Mansa Musa, wanda ya yi aikin Hajji a 1324. Buzaye sun riƙe ta daga wajen 1433 har Sonni Ali ya ƙwace ta a 1468. A Gawo ne Askiya Muhammad ya yi wa Shaikh al-Maghili tambayoyinsa kan mulki, malamin da ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa. A 1591 rundunar Maroko ta karya Songai a Tondibi, daga baya aka tafi da Shaikh Ahmad Baba, Allah Ya jiƙansa, zuwa Marrakesh. Don haka kowane ɓangare yana da abin da zai nuna a tarihi. Mu dai ba mu ga zamanin da aka yi daula guda mai suna Azawad da waɗannan iyakoki ba.

Sai dai kukan mutanen arewa ba ƙage ba ne. Faransa ta kama Tumbuktu a 1894, ta haɗa hamada da kudu, ta miƙa mulki ga Bamako a 1960. Tawayen Kidal na 1963 gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe shi da tsanani, aka kashe mutane da dabbobinsu. Farin 1973 da na 1984 ya kori matasa da yawa zuwa Libiya da Aljeriya. An sake tawaye a 1990, aka yi sulhu, aka ƙona makamai a Tumbuktu a 1996.

Ranar 6 ga Afrilun 2012 ƙungiyar MNLA ta ayyana 'yancin Azawad. Babu ƙasar da ta amince. Cikin watanni uku Ansar Dine da MUJAO suka kore ta daga manyan birane, sannan Faransa ta shigo da soja a Janairun 2013. Yarjejeniyar Aljiyas ta 2015 ta yi alkawarin ƙara wa yankuna iko a cikin Mali ɗaya, amma ba a cika mafi yawanta ba. Sojan Mali sun karɓe Kidal a Nuwamban 2023, kuma a Janairun 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar.