Rijiyoyin Bangladesh da Gubar Arsenik

Har zuwa 1971, shekarar da Bangladesh ta sami 'yancin kai, yawancin mutanen karkara daga kududdufi da kogi suke ɗiban ruwan sha. Nan ake wanka, nan ake wanki, nan dabbobi ke sha, don haka kwalara da gudawa suka yi ta kwasar yara. A shekarun 1970 hukumar UNICEF da gwamnatin ƙasar suka duƙufa wajen haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu. Aikin bai yi wuya ba, domin ƙasar laka ce da yashi, ruwa kuma a kusa yake. Daga baya magidanta suka riƙa haƙa nasu da kuɗinsu, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Ruwan garai-garai yake fitowa, ba wari, ba wani baƙon ɗanɗano, kuma ba a saba gwada shi don neman sinadarin arsenik ba.

Alamar farko daga maƙwabta ta ɓullo. A 1983 wani likitan fata a Kolkata, K. C. Saha, ya danganta ciwon wasu ƙauyawan jihar Bengal ta Yamma a Indiya da ruwan rijiyarsu. Sai a 1993 aka tabbatar da gubar a Bangladesh, a gundumar Chapai Nawabganj. Ciwon a hankali yake cin mutum, yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana: baƙaƙen ɗigo-ɗigo a ƙirji da baya, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta su tsattsage, can gaba kuma sankarar fata, ko ta huhu, ko ta mafitsara. A ƙauyuka da dama an ɗauka kuturta ce, aka riƙa gudun masu ita, alhali ba a ɗaukarta daga jikin mutum. Binciken da hukumar nazarin ƙasa ta Birtaniya ta kammala a 2001 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 na shan ruwan da ya haura ma'aunin ƙasar, wato maikrogiram 50 a kowace lita.

Da farko wasu masana sun zaci yawan zuƙe ruwa don noman rani ne ya sa iska ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta saki gubar. Ashe akasin haka ne. Kogunan Ganges da Brahmaputra sun shafe dubban shekaru suna kwaso laka daga tsaunukan Himalaya, kuma arsenik ɗin a manne yake da tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi. Muddin tsatsar na nan, gubar ba ta motsi. To amma a can ƙasa, inda babu iskar oksijin, akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin ruɓaɓɓun tsirrai, waɗanda ke numfashi da wannan tsatsa a madadin iska. Suna narkar da ita, gubar na zuba cikin ruwa. A 2004 masu bincike na Jami'ar Manchester suka nuna haka a ɗakin gwaji, da lakar da aka ɗebo daga Bengal ta Yamma.

Yadda bakteriyar ke rayuwa cikin gubar shi ma ya ƙara dagula lamarin. Arsenik a ruwa iri biyu ne: arsenet, mai saurin mannewa da ƙasa, da arsenayit, wanda ya fi dafi kuma ya fi yawo. Bakteriya da yawa na da wasu ƙwayoyin gado da ke juya arsenet ɗin da ya shige su zuwa arsenayit, sannan su tura shi waje, kamar mai share gidansa ya tara sharar a ƙofar maƙwabci. Wasu ma da arsenet ɗin kansa suke numfashi, abin da aka fara bayyanawa a 1994 a Amurka. Sai dai akwai masu yin akasin haka, su mayar da arsenayit arsenet. Tun 1918 aka gano irinsu a Afirka ta Kudu, cikin ruwan maganin kaska da ake tsoma shanu, kuma su ne ake gwadawa yanzu a na'urorin tace ruwa.

Matakin da ya fi tasiri bai buƙaci wata babbar fasaha ba. A farkon shekarun 2000 aka gwada rijiyoyi kusan miliyan 5, aka shafa wa bakin famfo fenti: kore ga mai kyau, ja ga mai guba. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya sukan sha bamban, don haka iyalai da yawa suka koma ɗiba a gidan maƙwabta, ko da yake fenti na goguwa, ana kuma ta haƙa sababbi ba tare da gwaji ba. An kuma koma ga rijiyoyi masu zurfin da ya wuce mita 150, inda tsohon yashi ba kasafai yake sakin gubar ba. A 2007 Abul Hussam, masanin sinadarai ɗan asalin ƙasar, ya ci kyautar dala miliyan ɗaya kan matatar SONO, wadda ake haɗawa da bokitai da yashi da gawayi da ɓarɓashin ƙarfe. Ma'aunin Bangladesh dai yana nan a maikrogiram 50, ninki biyar na 10 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 1993.