Fatar da Ta Tashi daga Ƙauyukanmu

Mu dukawa mun san fata ba ta jure zaman ƙasa. Gara da danshi kan cinye ta. Shi ya sa abin da aka tono a Durbi Takusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, yake da daraja a wurinmu. A haƙar da aka yi a 1992, an sami ragowar fatu tare da tufafi, wuri da kayan ƙarfe a kaburburan manya na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16. Ke nan tun kafin Ɗantunku ya kafa masarautarmu ta Kazaure a farkon ƙarni na 19, fata tana cikin kayan sarauta a wannan yanki.

A ƙarni na 16, matafiyi Leo Africanus ya rubuta labarin takalman Gobir da ake kaiwa Tumbutu da Gao. Da Bature matafiyi Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar takalma da jemammun fatu suna cikin manyan hajojin da ayari ke ƙetare Sahara da su. Fatar jar akuya da Turawa suka laƙaba wa sunan Maroko, da yawanta a ƙasar Hausa aka jeme ta. Kano ta yi suna, amma awakin ƙauyuka irin namu na Roni, Gwiwa da Babura suna cikin masu ciyar da majemarta.

Aikin kuwa bai sauya sosai ba. Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka da kanwa har gashi ya saki, ya kankare da kartaji, ya tausasa ta da kashin tattabara, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa. Karan dafi ke ba da ja, kuloko ya ba da baƙi. Daga nan sai hannun baduku da basillarsa.

Duba rayuwar Bahaushe ka gani: gafakar almajiri, buzun malam, wasakin rijiya, salkar matafiyi, tandun kwalli na amarya, kuben takobi, da kayan dokin hawan sallah a Kazaure. Maharbi da ɗan tauri ba sa fita sai da warki, guru da laya, kuma baduku ne ya ɗinke su.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ɗanyar fata ta fara kwarara zuwa Turai. Daga baya roba ta kori wasaki da salka, yau kuma tukunyar ganda na cinye ƙiragan da ya kamata su isa majema. Cibiyar NILEST ta Zariya tana koyar da jima ta zamani, amma sirrin haɗa bagaruwa yana hannun tsofaffinmu. Wajibi ne mu zaunar da yaranmu a gabansu tun suna da ƙarfin riƙe kartaji.