Kifin maski da igiyar fatsa: shin ganinta yana korar sa?

Maski kifi ne mai cin nama da ke rayuwa a tafkuna da kogunan Arewacin Amurka, musamman yankin Manyan Tafkuna, da kogin Sent Lorens, da sashen sama na kogin Misisipi, da kogin Ohayo. Masana kimiyya suna kiran sa Esox masquinongy, sunansa kuwa ya samo asali ne daga harshen ƙabilar Ojibwe. Jikinsa dogo ne siriri, bakinsa cike da haƙora masu kaifi, kuma tsawonsa kan wuce mita ɗaya. A shekarar 1949 Cal Johnson ya kama wani mai nauyin fiye da kilo 30 a jihar Wiskonsin, jihar da ta ayyana maski a matsayin kifinta na hukuma a 1955.

Saboda wuyar kama shi, masunta suna yi masa laƙabi da kifin jifa dubu goma. Wannan wahala ce ta haifar da muhawarar da ta daɗe a tsakaninsu: idan maski ya biyo koto har gaban jirgi, sannan ya juya ya tafi, igiyar ya gani, ko wani dalili ne ya hana shi cafka?

Kayan aikin

Masu kamun maski suna amfani da saƙaƙƙiyar igiya mai ɗaukar nauyin kilo 36 zuwa 45. Ba ta da sheƙi kamar gilashi, saboda haka ana ganinta sarai a cikin ruwa. Haƙoran maski kuma suna iya datse ta, shi ya sa ake ɗaura wani guntu mai ƙarfi tsakaninta da koto, wanda ake kira lida. Tsawonsa santimita 30 zuwa 45 ne ga mai jifa, ya kai kusan mita ɗaya ga mai jan koto a bayan jirgi. Ana yin sa da wayar ƙarfe, ko titaniyam, ko zaren fulorokabon mai kauri, wanda kan ɗauki kilo 45 zuwa 59 ko fiye.

Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da igiyar fatsa ta fulorokabon a 1971. Dalilin farin jininta shi ne yadda haske ke ratsa ta. Ma'aunin karkatar haske a ruwa 1.33 ne, a fulorokabon kimanin 1.42, a nailan kuwa kimanin 1.53. Kusancin adadin da na ruwa yana sa zaren ya ɗan saje da shi. Amma bai ɓace gaba ɗaya ba, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon bayyanarsa.

Yadda maski ke farauta

Maski mafarauci ne mai kwanton ɓauna. Yakan laɓe a cikin ciyayi ko gefen duwatsu har abincinsa ya matso, sannan ya kai hari cikin ƙiftawar ido. Gaɓoɓi biyu ne ke jagorantar sa: idanu, da wani layi mai jin motsin ruwa da ke gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya.

Wani bincike da John New da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa da ido maski ke hango abinci daga nesa ya fuskance shi, layin gefe kuma yana taka rawa a matakin ƙarshe na hari. Kifayen da aka hana gani sun ci gaba da cafke abinci idan yana kusa. Binciken bai shafi igiya ba, amma ya tabbatar da cewa maski yana gani sosai, kuma motsi yana da babban tasiri a kansa.

Hujjar ɓangarorin biyu

Masu cewa ganin igiya ba ya korar maski suna da hujjoji uku. Na farko, koton da ake jefa masa babba ne, sau da yawa santimita 20 zuwa 30, ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku da ƙarafa masu walƙiya. Kifin da bai tsorata da waɗannan ba, da wuya siririyar waya ta firgita shi. Na biyu, akwai dabarar da masunci ke tsoma kan sandarsa a ruwa, yana juya koto cikin siffar lamba 8 dab da jirgi, kuma ana kama maski da dama a haka, alhali sanda da lida da jirgi duk suna gabansa. Na uku, a tafkin Sent Kiler da ke tsakanin Mishigan da Ontariyo, an saba jan koto a cikin kumfar farfelar jirgi, kifin kuma yana kai hari.

Ɗaya ɓangaren ya fi mai da hankali ga ruwa mai tsabta, da rana tsaka, da koton da ake ja a hankali ko ake tsayar da shi. A nan kifin yana da lokacin dubawa. Suna ƙara da cewa a tafkin da masunta suka yi yawa, maskin da aka taɓa kamawa aka saki yakan ƙara taka tsantsan.

Akwai wani abu da kan rikita lissafin. Lida yana sauya motsin koto: wayar ƙarfe mai tauri tana hana koton da ke kaɗawa hagu da dama harɗewa da igiya, nauyin lida kuma yana iya dusar da kan ƙaramin koto. Wanda ya sauya lida ya ga sauyi zai iya ɗora alhakin kan gani, alhali motsin ne ya canza.

Abin da ke cikin haɗari

Maski yana girma a hankali, yana iya kaiwa shekara 30, kuma ba shi da yawa a kowane tafki. Shi ya sa ƙungiyar Muskies Inc., wadda aka kafa a Minesota a 1966, ta yaɗa al'adar kamawa a saki, jihar Minesota kuma ta haramta riƙe wanda bai kai inci 54 ba, wato kimanin santimita 137, a ruwayenta na cikin gida. Masuncin da ya rage kaurin lida don ɓoye shi yana iya barin koto mai ƙugiyoyi a bakin kifi, abin da kan hana shi cin abinci har ya mutu. Igiya mai rauni kuma tana tsawaita kokawa, ta galabaitar da kifin kafin a sake shi. Masuntan kogin Neja da tafkin Chadi sun san irin wannan ɓarna daga haƙoran tsage.

Shawarar da ƙwararru suka fi bayarwa ita ce a fifita ƙarfi kan ɓoyewa. A ruwa mai duhu ko da dare, waya ta wadatar. A ruwa mai tsabta ana iya komawa ga fulorokabon mai kauri, da sharaɗin a riƙa shafa shi da yatsa bayan kowane kamu, a sauya shi da zarar an ji karce.