Faifan da Aka Naɗa a Bukkar Farauta

A watan Nuwamban 2006, Justin Vernon ya tattara komatsansa ya baro birnin Raleigh na jihar North Carolina a Amurka, ya nufi gida Wisconsin. Shekarunsa 25. Ƙungiyar kiɗan da ya kafa da abokan ƙuruciyarsa, DeYarmond Edison, ta watse, shi da budurwarsa kowa ya kama gabansa, ga wata cuta da ta taɓa masa hanta ta kwantar da shi.

Bai daɗe a garinsu Eau Claire ba. Ya zarce wata bukkar katako ta mahaifinsa a cikin daji, ya shafe kusan wata uku a tsakiyar hunturu. Masu ba da labarin a yau sukan ƙawata shi, kamar wani sufi ne ya shiga halwa. Ba haka aka yi ba. Makonnin farko shan giya da kallon bidiyo ya sa a gaba, yana faskare, yana harbin barewa don abinci, mahaifinsa na leƙo shi lokaci-lokaci da ɗan cefane. Sai da zaman ya gundure shi ya jawo jita da tsohuwar kwamfuta.

Yadda ya yi aikin ne abin lura. Yakan fara rera karin waƙa babu kalmomi, ya saurara, sannan ya nemo kalmomin da suka dace da sautin. Ya bar muryarsa ta asali ya koma rerawa da siririyar murya, yana ɗora naɗi a kan naɗi har mutum ɗaya ya zama tamkar ayarin 'yan amshi. Shi ya sa baitocin ba sa faɗin wa ya yi laifi. Ɓacin ran yana cikin muryar da kaɗawar jitar.

Waƙoƙi tara suka fito. A Yulin 2007 ya buga faifan da kansa, For Emma, Forever Ago, da sunan Bon Iver. Masu sharhi a intanet suka yi ta yayata shi, kamfanin Jagjaguwar mai zaman kansa ya sake fitar da shi a Fabrairun 2008, 4AD kuma ya kai shi Turai.

Daga nan likkafa ta ci gaba. Kanye West ya gayyace shi Hawaii aiki a 2010. Shekara guda bayan haka wata yarinya 'yar Ingila, Birdy, mai shekara 14, ta sake rera "Skinny Love", ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan, da fiyano ta yi suna. A 2012 Bon Iver ya ci kyautar Grammy biyu, ɗaya ta gwarzon sabon mawaƙi, ko da yake a lokacin ya riga ya fitar da faifansa na biyu. Wannan faifan a sutudiyonsa na garin Fall Creek ya naɗe shi, wani tsohon asibitin dabbobi da shi da ɗan'uwansa suka gyara.