Sauƙaƙan Na'urori

Sauƙaƙan na'urori su ne kayan aikin da ke sauya girman ƙarfin da mutum ya sa, ko inda ƙarfin ya nufa, ba tare da mai ko lantarki ba. Masana kimiyya sun kasa su gida shida: liba, wato sandan da ke juyawa a kan madogara, da kura mai igiya, da taya da ƙarfen da ke tsakiyarta, da gangara, da weji irin bakin gatari, sai sukuru, wanda gangara ce da aka naɗe a jikin ƙusa.

Babu ɗayansu da ke rage yawan aikin kansa, abin da suke yi shi ne shimfiɗa shi a kan tazara mai tsawo, ta yadda mai tura ganga a kan katakon da aka jingina da mota zai yi tafiya mai nisa fiye da wanda ya ɗaga ta tsaye, amma da ƙarfi kaɗan, ko da yake gogayya tana cinye wani ɓangare.

Jigon da manoman rani ke ban ruwa da shi a fadama kyakkyawan misali ne na liba, domin nauyin da aka ɗaura a gajeren ɓangaren sandan shi ke taya manomi ɗago cikakken guga, kuma an daɗe ana amfani da irinsa a bakin kogin Nilu. Arkimidis, masanin Girka na birnin Sirakus, ya bayyana ƙa'idar liba da lissafi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa.